LOUIS PASTEUR, ƊAN MAJEMIN DA YA GANO SIRRIN TSAMI (1822-1895)

Kowace safiya matan Fulani suna shigowa birnin Zinder da ƙoren nono a ka, su nufi Kasuwar Dole da lungunan Birni da Zango. Kowace daga cikinsu ta san in ta tatso madara da maraice sai ta zuba mata ɗan ragowar nonon jiya, ta rufe da faifai, kafin gari ya waye ta kama ta zama kindirmo. Mai waina ma haka take yi, tana rage ƙullun jiya ta gauraya shi da na yau domin ya tashi. A ƙauyukan da ake dafa giyar dawa, wadda aka fi sani da burkutu, mai dafawa takan kwashe abin da ya kwanta a gindin tulu ta adana shi, ranar da ta sake dafuwa ta zuba shi cikin sabon ruwa.

Dukansu sun gaji dabarar nan daga iyaye da kakanni, kuma dabarar tana ci. Amma akwai ranar da nono yakan tsinke ya yi wari, ƙullu ya ƙi tashi, tulu ya lalace, a yi asarar hatsi da itace da wahalar kwanaki. Nan sai a ce baki ne, ko kuwa hannun wance ne ba shi da kyau. Mutumin da ya tabbatar wa duniya abin da ke cikin wannan ɗan ragowa na jiya, da dalilin da yakan sa ya ɓaci, wani Bafaranshe ne mai suna Louis Pasteur. Daga binciken tulun giya ya kai ga sanin hanyar da cututtuka ke bi su kama mutum da dabba.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Pasteur ran 27 ga watan Disamba 1822, zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke mulki a Sakkwato. Garin haihuwarsa yana gabashin Faransa, ana rubuta sunansa Dole kamar na kasuwar Zinder, amma Dol ake faɗi. Ubansa, Jean-Joseph Pasteur, tsohon soja ne na rundunar Napoliyon, da yaƙi ya ƙare sai ya koma sana'ar gidansu, wato jima. Da ɓawon itace suke jeme fata can, kamar yadda majeman Damagaram ke yi da bagaruwa. A 1827 iyalin suka zauna a Arbois, garin manoman inabi, uban ya kafa majemarsa a bakin wani ɗan kogi. Nan yaron ya girma cikin warin ƙiraga.

Ba a ga wata alamar gwaninta gare shi ba a makarantar farko, in ban da zanen hotunan mutane, wanda ya iya ƙwarai. A 1838 aka kai shi Paris karatu, kewar gida ta hana shi sakat, har sai da ubansa ya je ya komo da shi. Ya ci gaba a Besançon, ya ci jarrabawar bakaloriya ta adabi a 1840, ta kimiyya kuwa a 1842, kuma makin da ya samu a ilmin sinadarai bai taka kara ya karya ba. A shekarar nan ya yi jarrabawar shiga babbar makarantar horon malamai ta Paris, ya zo na 15 cikin mutum 22. Matsayin bai gamshe shi ba, ya ƙi shiga, ya ƙara shekara guda yana shiri. A 1843 ya sake, ya zo na 4.

Sunansa ya fara fita a 1848, yana da shekara 25. Akwai wani gishiri mai tsami da ke maƙalewa a jikin gangar giyar inabi, wanda ya daɗe yana rikita masana. Pasteur ya duba ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ga ashe iri biyu ne masu kama da juna kamar yadda hannun dama ya yi kama da na hagu, ya kuwa rarrabe su da ɗan hantsaki. Shekara ta gaba aka tura shi koyarwa a jami'ar Strasbourg, inda ya auri Marie Laurent, ɗiyar shugaban jami'ar, ran 29 ga Mayu 1849. Ita ce ta riƙa rubuta masa yawancin takardunsa har ƙarshen ransa.

ABIN DA YA GANI A GANGUNAN LILLE

A 1854 aka naɗa shi shugaban sabon sashen kimiyya a Lille, birnin masana'antu da ke arewacin Faransa. Rake ba ya yi a ƙasar, saboda haka da wata saiwa mai zaƙi da ake kira beterab suke yin sukari da barasa. A 1856 wani mai masana'anta, Bigo, wanda ɗansa almajirin Pasteur ne, ya kawo kuka: waɗansu gangunansa suna ba da barasa yadda ya kamata, waɗansu kuwa sai su yi tsami su lalace, alhali ruwa ɗaya aka zuba musu.

Pasteur ya ɗebi ruwan kowace ganga ya sa ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, wanda ake kira mikroskop. A gangar kirki ya ga ƴan dunƙule-dunƙule masu siffar ƙwai, waɗansu da ɗan toho a gefe. A wadda ta lalace ya gan su tare da waɗansu ƴan sanduna da suka fi su ƙanƙanta nesa. Dunƙulen nan su ne yisti, abin da masu burodi ke sa wa kwaɓi. Ƙanƙantarsu ta kai in an jera ɗari ko fiye ba za su wuce milimita ɗaya ba.

Ba shi ne farkon ganinsu ba. Wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, ya gan su tun 1680, kuma wajen 1837 masana uku sun ce masu rai ne. Amma manyan malaman sinadarai, musamman Liebig na Jamus, sun yi musu dariya, suna ganin tashin giya ruɓa ce kurum ta mataccen abu. Pasteur ya raba gardamar da gwaji. Ya haɗa ruwa da sukari da ɗan gishirin amoniya da toka, ba nama ba hatsi, ya sa ɗan yisti da bai fi kan allura ba. Yistin ya yi toho ya hayayyafa, sukari ya ragu, barasa ta fito. Abin da ke ci, ya girma, ya haihu, ba shakka mai rai ne.

A 1857 ya buga bayaninsa kan tsamin madara, a 1860 kuma kan barasa. Abin da ya tabbatar shi ne kowane irin tsami da mai yinsa. Yisti yana cin sukari ya fitar da barasa da iska. Iskar nan ce ke kumbura burodi da waina, ita ce kuma ke sa tulu kumfa. Ƴan sandunan kuwa suna cin sukari su fitar da tsami irin na nono. Ashe macen da ke zuba ragowar jiya cikin madarar yau shuka take yi, kamar manomi da irinsa, sai dai irin nata ido ba ya ganinsa. Ya gano kuma in yisti ya sami iska sosai yakan hayayyafa da sauri, in kuwa an toshe masa iska sai ya fi ba da barasa.

DAGA INA SUKE FITOWA?

A 1857 ya koma tsohuwar makarantarsa ta Paris yana mai kula da karatun kimiyya. Ɗakin bincikensa na farko wani ɗan soro ne ƙarƙashin rufi. A lokacin mutane da yawa, har da masana, sun yarda ƙananan halittu suna iya fitowa da kansu daga ruɓaɓɓen abu, ba uwa ba uba. Wani malami na Rouen, Pouchet, ya rubuta babban littafi a 1859 yana ƙarfafa wannan ra'ayi.

Pasteur ya sa romo cikin kwalabe, ya narka wuyansu da wuta ya ja shi ya lanƙwasa kamar wuyan raƙumi, ya tafasa romon, ya bar bakin a buɗe. Iska tana shiga, amma ƙura tana maƙalewa a lanƙwasar. Romon ya yi watanni bai ɓaci ba. Da ya karya wuyan wata kwalba, ƙura ta faɗa, cikin kwana kaɗan ta gurɓace. A 1860 ya ɗauki kwalabe ya yi tafiya da su. Ya buɗe 20 a filin karkara, 8 suka ɓaci. Ya buɗe 20 bisa wani tudu mai tsawon mita 850, 5 suka ɓaci. Ya buɗe 20 can kan ƙanƙarar duwatsun Alp, wajen mita 2000, inda ƙura ba ta da yawa, guda ɗaya tak ta ɓaci. Gani ya kori ji. A 1862 majalisar masanan kimiyya ta Faransa ta ba shi lada, ta kuma karɓe shi cikin membobinta.

A 1863 Sarki Napoliyon na Uku ya nemi ya duba abin da ke ɓata giyar inabi, wadda babbar haja ce ga ƙasar. Ya koma Arbois, ya gano kowane irin ɓaci da ƙwayar da ke kawo shi, ya nuna in an ɗumama giyar zuwa digiri 50 ko 60 na ɗan lokaci ƙwayoyin sun mutu, ɗanɗano bai sake ba. Wannan dabara ita ce ta ɗauki sunansa. Daga baya aka yi amfani da ita ga madara, wadda ake ɗumamawa zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na rabin awa.

SHEKARUN BAƘIN CIKI

A 1865 gwamnati ta aike shi Alès, kudancin ƙasar, inda wata annoba ke kashe tsutsar siliki. Masu saƙa da ɗinkin riguna a ƙasar Hausa sun san irin tsutsar nan, don daga wata ƴar'uwarta ake samun zaren tsamiya. Pasteur bai taɓa riƙe tsutsar a hannu ba kafin ya je. Ya yi shekara biyar yana aikin, ya gano cuta biyu ce ba ɗaya ba, ya koya wa manoma su duba uwar da madubi, su zubar da ƙwan wadda ta kamu.

Cikin shekarun nan mutuwa ta yi ta shiga gidansa. Ɗiyarsa ta fari, Jeanne, ta rasu tun 1859 da zazzaɓin taifot, tana da shekara 9. A 1865 ubansa ya rasu, ƴar autarsa Camille ta bi shi tana da shekara 2. A 1866 taifot ya sake ɗauke Cécile mai shekara 12. Cikin ƴaƴa biyar, biyu suka rage. Ran 19 ga Oktoba 1868 shi kansa ya faɗi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, yana da shekara 45. An fid da rai da shi, amma ya tashi. Daga nan har mutuwarsa yana jan ƙafa, hannun hagu kuma ba ya aiki, sai almajiransa su riƙa yin gwaje-gwajen yana tsaye a kansu.

AIKINSA A KAN GIYA DA RENON YISTI

A 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawa, aka ci Faransa, aka ƙwace mata Alzas da wani yanki na Loren. Abin ya ƙona wa Pasteur rai har ya mayar wa jami'ar Bonn takardar girmamawa da ta ba shi. Ya duba ya ga Jamus ta fi ƙasarsa iya giyar sha'ir, tana sayar mata tana kwasar kuɗi, sai ya ƙudura zai rama ta wannan hanya. Shi kansa ba ya son giyar, abokansa ne ke ɗanɗana masa.

Ya fara a 1871 a wani gidan dafa giya da ke Chamalières, kusa da Clermont-Ferrand, tare da almajirinsa Emile Duclaux. A watan Satumba na shekarar ya je Landan, ya shiga babban kamfanin Whitbread, ya nemi a ba shi yistin da suke aiki da shi. Da ya duba, ya gaya musu giyar wannan yisti ba ta da kyau, tun bai ɗanɗana ba. Suka amsa haka ne. Da ya komo bayan kwanaki, ya tarar sun sayi madubi nasu na kansu.

Matsalar masu giyar Turai ita ce matsalar mai tulu a ƙauye. Kowa yana ɗibar iri daga dafuwar da ta wuce ya sa wa ta gaba. Duk lokacin da aka yi haka, baƙin ƙwayoyi da suka faɗo daga ƙura, ko hannu, ko kwanon da ba a wanke ba, suna bin irin su wuce tare da shi. Yau kaɗan ne, gobe sun ƙaru, wata rana su rinjayi yistin, dafuwa ta lalace. Manomi ya san haka: irin da ya gauraya da ƙwayar ƙuduji, gonar da aka shuka shi ba ta yin albarka.

Dabarar da Pasteur ya tsara tana da matakai. A tafasa ruwan tsiro domin a kashe duk abin da ke ciki. A bar shi ya huce cikin rufaffen mazubi, wanda iska ba ta shiga sai ta lanƙwasasshen bututu ko ta cikin auduga. A shuka masa ɗan yistin da aka duba da madubi aka tabbata ba shi da gauraye. In ya hayayyafa a juye shi cikin mazubin da ya fi girma, haka har ya isa babbar ganga. Domin tsarkake yistin da ya riga ya gauraya, yakan rene shi cikin ruwan sukari mai ɗan tsami, wanda yisti ke jurewa amma ƴan sandunan ba su jurewa. Ya tattara wannan duka cikin littafinsa na binciken giya, wanda ya fito a 1876.

A nan akwai bambanci tsakanin giyar Turai da ta dawa. Mai burkutu tana jiƙa dawa ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, sa'an nan ta bar ruwan ya kwana ya yi tsami da gangan. Bayan haka ta sake tafasa shi, ya huce, kana ta zuba irin da ta adana. Binciken da aka yi daga baya kan giyar dawa ta Afirka ta Yamma ya nuna ma'aikata biyu ne ke karɓa-karɓa a tukunyar: masu tsamin nono da farko, yisti daga baya. Tsamin farko yana kare ruwan daga ƙwayoyin ruɓa, kusan irin dabarar da Pasteur ya yi a kwalba. Amma da yake tulun a buɗe yake, abin ba ya jimawa, cikin kwana kaɗan yakan koma tsami zalla.

Dabarar Pasteur ma ba ta cika ba. A Kopenhagen ta ƙasar Danmak, mai kamfanin Carlsberg, Jacobsen, wanda ke ganin girman Pasteur ƙwarai, ya gina ɗakin bincike a 1875. Wani ma'aikacinsa, Emil Christian Hansen, ya gano yisti kansa ba iri ɗaya ba ne, akwai na gida akwai na daji, kuma na daji yana ɓata giya ko da babu ɗan sanda ko ɗaya a ciki. Ya nuna kuma ruwan tsamin Pasteur yakan ƙara wa na dajin ƙarfi. A 1883, da giyar kamfanin ta yi ɗaci da wari, Hansen ya ware ƙwayar yisti guda ɗaya tak, ya rene ta har ta cika ganga. Wannan ne karo na farko da aka dafa giya da tsantsar iri ɗaya. Jacobsen bai ɓoye irin ba, ya riƙa ba sauran masu dafawa kyauta. Da wannan hanya ake renon yistin da ake sayarwa cikin ƙunshi a kantuna, wanda masu burodi da masu fanke ke saye.

Sauran tambaya ɗaya: ina yisti yake kafin ya shiga tulu? A 1878 Pasteur ya gina ƴan ɗakunan gilashi bisa kurangar inabinsa a Arbois tun ƴaƴan suna ɗanye, ya naɗe waɗansu nonnan da auduga. Da suka nuna aka matse su, ruwansu ya ƙi tashi, na fili kuwa ya tashi nan da nan. Ashe daga waje yisti ke sauka kan bawon ƴaƴan. Wani abu guda ne ya kuskure. Ya ɗauka ba a samun barasa sai da yisti mai rai, amma a 1897, bayan mutuwarsa, Bajamushe Eduard Buchner ya niƙe yisti ya tace ruwansa, ruwan kuma ya juya sukari barasa.

Musulmi ba ya shan giya, kuma mafi yawan mutanen Damagaram ba su da hulɗa da ita. Amma ilmin da ya fito daga gangar nan bai tsaya ga mashaya ba.

DAGA TULU ZUWA ASIBITI

Pasteur ya yi tunani, in ƙwayar da ido ba ya gani tana iya ɓata ganga, tana iya ɓata jini. Wani likitan fiɗa na Ingila, Joseph Lister, ya karanta rubuce-rubucensa, ya fara wanke miki da kayan aiki da magani, ya bayyana sakamakon a 1867, mutuwar waɗanda aka yi wa fiɗa ta ragu ƙwarai. Pasteur ba likita ba ne, amma a 1873 majalisar likitocin Faransa ta karɓe shi. Ya riƙa shiga ɗakunan haihuwa, inda zazzaɓi ke kashe mata masu jego, yana gaya wa likitoci cewa hannuwansu da tsummokinsu ne ke ɗaukar cutar daga wannan mace zuwa waccan. Da yawa sun ji haushinsa.

Sa'an nan ya juya ga dabbobi. Ciwon saifa, wanda Faransawa ke kira sharbon, yana kashe tumaki da shanu, yana kuma kama mahauta da majema ta wajen fata. Bajamushe Robert Koch ya bayyana rayuwar ƙwayarsa a 1876. Pasteur ya nuna ƙwayar tana daɗewa cikin ƙasar da aka binne mushe, tsutsar ƙasa tana fito da ita sama, dabba ta ci da ciyawa. Daga aikinsa kan wata annobar kaji ya gane in an raunana ƙwaya aka sa wa dabba, jikinta yakan koyi yaƙi da mai ƙarfin. A watan Mayu 1881, a ƙauyen Pouilly-le-Fort, aka yi gwaji gaban jama'a. Aka yi wa tumaki 24 allurar rigakafi sau biyu, aka bar 24 ba a yi musu ba. Ran 31 ga wata aka sa wa duka ƙwaya mai ƙarfi. Ran 2 ga Yuni mutane suka taru, suka tarar waɗanda ba a yi wa ba sun mutu ko suna kan mutuwa, sauran kuwa suna tsaye suna kiwo.

YARON DA KARE YA CIZA

Haukan kare ba shi da magani in ya bayyana. Ƙwayarsa ta fi ƙarfin madubin zamanin, Pasteur bai taɓa ganinta ba. Shi da almajirinsa Emile Roux suka rene ta cikin jikin zomaye, suka riƙa shanya lakar bayan zomon cikin kwalba. Gwargwadon kwanakin shanya, gwargwadon raunin dafin. Sun gwada ga karnuka, ba su gama tabbatarwa ga mutum ba.

Ran 6 ga Yuli 1885, shekara guda bayan rasuwar Sarkin Damagaram Tanimun, wata mace daga Alzas ta kawo ɗanta Joseph Meister mai shekara 9, wanda mahaukacin kare ya ciza wuri 14. In an yi allurar yaron ya mutu, laifin yana wuyan Pasteur, in an ƙi kuma ana tsoron cutar ta kashe shi. Bayan shawara da likitoci biyu ya yarda. Likita Grancher ne ya yi allurar, sau 13 cikin kwana 11, ana farawa da lakar da ta fi bushewa. Yaron ya rayu. A watan Oktoba aka ceci wani makiyayi, Jupille, mai shekara 15. Amma wata yarinya, Louise Pelletier, da aka kawo bayan kwana 37 da cizo, ta mutu duk da allurar. Zuwa watan Maris 1886 an yi wa mutum 350, ita kaɗai aka rasa.

Mutane suka yi ta zuwa daga Rasha da Amurka da sauran ƙasashe. Aka buɗe asusu, talakawa da sarakuna suka zuba, har da Sarkin Rasha da na Barazil da Sultan Abdul Hamid na Istambul. Ran 14 ga Nuwamba 1888 aka buɗe Cibiyar Pasteur a Paris.

HALINSA DA ƘARSHENSA

Mutum ne mai naci da tsanani, ba ya son gardama ta wuce bai yi nasara ba. Tsananinsa ga ɗalibai ya jawo tarzoma a makarantar horon malamai a 1867, har ya bar muƙaminsa. A 1876 ya nemi kujerar majalisar dattawa a jiharsu, ya faɗi ƙasa warwas. Ya yi shekaru yana cacar baki da Koch. Ya umarci iyalinsa kada su nuna wa kowa littattafan da yake rubuta gwaje-gwajensa, sai jikansa ne ya miƙa su ga babban ɗakin karatu na ƙasa. Da masana tarihi suka duba, suka ga allurar Pouilly-le-Fort ba da hanyar da ya bari jama'a suka zata aka haɗa ta ba. Almajiransa Chamberland da Roux ne suka haɗa ta da wani sinadari, hanyar da ta yi kusa da ta wani likitan dabbobi, Toussaint, wanda bai sami yabon da ya cancanta ba. Wannan aibi ne, ko da yake bai rushe aikin ba.

Ciwon shanyewar jiki ya sake buge shi a 1887, maganarsa ta yi nauyi. Ran 27 ga Disamba 1892 aka yi bikin cikarsa shekara 70 a jami'ar Sorbon, ya shigo yana dafe da hannun shugaban ƙasa, Lister ya taso ya rungume shi. Ya rasu ran 28 ga Satumba 1895 kusa da Paris, zamanin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, shekara huɗu kafin sojan Faransa su shiga Zinder. Kabarinsa yana cikin cibiyar da ke ɗauke da sunansa.

Almajiransa sun watsu cikin duniya. Emile Marchoux ya buɗe ɗakin bincike a Saint-Louis ta Senegal a 1896, aka mai da shi Dakar a 1913, ya zama Cibiyar Pasteur ta Dakar a 1924, inda ake yin allurar shawara. Albert Calmette, wanda shi ma ya yi bincike kan yistin giyar shinkafa a Saigon, shi da Camille Guérin suka haɗa allurar BCG ta tarin fuka, wadda aka fara yi wa jariri a 1921; ita ce ke barin ɗan tabo a hannun yara. A Yamai, cibiyar CERMES da aka kafa domin binciken sanƙarau da tsargiya ta shiga sahun cibiyoyin da ke haɗe da ta Paris. Ranar mutuwarsa kuma ta zama ranar yaƙi da haukan kare a duniya.

Amfanin aikinsa yana hannun kowa, ko ba madubi. Mai nono ta tafasa madara, ta bar ta ta huce, kana ta sa iri daga ƙwaryar da ta fi kyau, ta wanke ƙorenta da ruwan zafi ta shanya a rana. In iri ya fara wari a zubar a nemi sabo wurin maƙwabta, kada a zargi kowa. Ungozoma da wanzami su wanke hannu da sabulu, su tafasa aska. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci, kada a feɗe ta, kada a kai fatarta majema, a sanar da ma'aikatan kiwo. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi asibiti ran nan, ya tuna da yarinyar da aka kawo bayan kwana 37. Allah ya kiyashe mu da dabbobinmu, amin.